Shekara Tara Ina Kallon Ƙasa

Shekarun baya can, tun ina da sauran ƙarfi a jika, ni ne mai ɗaukar bahon Bature. Ban yi makaranta ba. Wannan rubutun ma a ajin yaƙi da jahilci na tsince shi, da furfura a gemuna. Wanda ya ga karkata a ciki ya yi haƙuri, wuyan mai rubutun ma a karkace yake.

Ga yadda abin ya fara. Wata rana da rani masinja ya zo ƙauyenmu, nan kusa da Batsari, ya ce Baturen rangadi yana son 'yan alaro masu ɗaukar kaya, mai gari ya ba da mutum shida. Ina cikin shidan. Ba wanda ya tambaye ni ko ina so. Mun yi layi za mu tashi ke nan sai ga mahaifiyata da sassarfa, mayafi a hannu. Ta kama tafina ta danƙa mini wata 'yar laya, sabuwar ɗinki, ko igiya babu a jikinta.

Ta ce, "Riƙe, ta kaya ce. In dai kana ɗauke da kaya kada ta bar jikinka."

Ta buɗe baki za ta ƙara wata magana, dogari ya daka mata tsawa, aka kora mu gaba.

Tun daga nan har zangon farko ina tafe ina tunanin inda zan sa ta. Rigata ba aljihu. Mazugin wando kuwa bai dace ba, sunan Allah ne a ciki. Da ɗan hankalina na ga babu wurin da ya fi kai daraja a jikin mutum. Na ari allura, na ɗinke ta a cikin hulata ta wajen gaba, daidai maɗiga. Na ji daɗin dabarata ƙwarai.

Da aka zo rabon kaya, helma, shugaban 'yan alaro, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai dogo, baho." Bahon nan na ƙarfe ne, mutum yana zama cikinsa ya miƙe ƙafa. Kuma ba a ɗaukarsa wayam. Kuku yana zuba takalman Bature a ciki, da dutsen guga, da fitilu, da wata farar tukunya mai murfi da na gane daga baya ta fitsari ce. Na naɗa gammo na ɗora bisa hula, an cicciɓo baho za a aza mini, sai na tuna da layar. Abin da ƙato ke zama ciki tsirara yana wanke dauɗa, da takalmansa, da tukunyar fitsarinsa, su ne za su hau kan ayar Allah? Na ce a dakata. Na tura gammon baya can wajen ƙeya, na sunkuyar da kai har haɓata ta kusa taɓa ƙirji don kayan su sami wurin zama. Suka zauna kuwa. Laya na gaba ba abin da ya taɓa ta. Ni kuma ba abin da nake gani sai dugadugan na gabana.

Haka na yi shekara tara. Duk rani sai an aiko a ce a turo Mai Baho, don ban taɓa kayar da shi ba. Mu tashi Batsari mu yi Karare, mu gangara Safana, mu bi gefen dajin Rugu, mu zagayo. Turawa uku suka canja, kowanne da bahonsa. In kaka ta yi kuma ina dakon buhunan gyaɗa zuwa sikeli. Gyaɗa ba ƙazanta ba ce, amma kai ya riga ya saba, gammo ya san wurinsa. Tun ina ɗago kai in na sauke kaya, har na zo na daina, don ɗagowar ta fi sunkuyon ciwo.

Abokina, wanda ke ɗaukar teburin Bature, ya sha tsokanata. "Kai Mai Baho, wai me ka yar ne tun bara kake nema a ƙasa?"

In ce, "Hankalinka nake nema, an ce nan ya faɗi."

A yi dariya a wuce. Ban taɓa gaya masa dalili ba. Mun tashi mun ji ana cewa laya ba a tallarta, in ka faɗi inda take ƙarfinta ya tafi. Ko matata ba ta sani ba. Hula in ta tsufa na farke layar na mayar cikin sabuwa, ni kaɗai a bayan rumbu.

Mutanen gari kuwa sai suka ɗauka kunya ce. Ana nuna ni ga samari ana cewa ku koyi ladabi wurin wane, bai taɓa kallon babba ido da ido ba. Surukina da bakinsa ya ce abin da ya sa ya ba ni 'yarsa ke nan. Ban musa ba. Wa zai musa?

A shekara ta bakwai ciwo ya kama. Ya fara a ƙeya kamar an kafa ƙusa, ya sauko kafaɗar dama. Na ce gajiya ce. A ta tara ya gangaro hannu. Babban yatsa da manuniya suka riƙa yi mini kamar ba nawa ba. Wata safiya da bazara ina sharar gona, na ɗaga fartanya zan sare kututturen dawa, sai na ga hannu ya sauko shi kaɗai. Na waiwaya da jikina duka, don wuyan ba ya juyawa, na ga fartanyar can bayana a ƙasa. Ta fita daga hannuna ban ji fitarta ba.

Na koma gida na zauna. Matata ta kawo fura, na kama ludayi ya suɓuce. Ta tsaya tana kallona.

Ta ce, "Maigida, ba ni hannun nan."

Ta zaro allura daga kallabinta ta ce in rufe ido. Na rufe. Na jira, na jira. Na ce, "To, ki yi mana."

Ta ce, "Buɗe."

Na buɗe. Allura na tsaye a cikin yatsana, jini na bin tafin hannu. Ban ji komai ba. Wallahi ko cizon sauro ban ji ba. Ta fasa salati.

Lissafin mai sauƙi ne. Saura kamar wata biyu ruwa ya sauka. Ina da mata, da 'ya'ya uku da babu wanda ya isa riƙe fartanya, da tsohuwa. Ba ni da wa, ba ni da ƙane. Gona kuwa a wurinmu in ta kwana damina ba a nome ta ba, mai gari yakan ba wani aronta, kuma na ga yadda aron gona ke ƙarewa. In hannun nan ya mutu, gidana ya mutu.

Na fara da wanzami. Ya kafa mini ƙaho a ƙeya da kafaɗa, ya tsattsaga, ya zuƙe jini baƙi ƙirin ya nuna mini ya ce ga ciwon nan ya fito. Ciwon bai ji labari ba. Sai abokina ya ce mu je birni asibiti, ya san direban wata motar gyaɗa. Muka hau bisa buhuna. Duk ramin da motar ta faɗa sai na ji shi har cikin haƙorana.

A asibiti aka sa ni cikin wani ɗaki, aka tsayar da ni jikin wani allo mai sanyi, aka ce kada in motsa. Wani abu ya yi ƙara, aka ce in fita. Na ce wa abokina waɗannan ba su san aiki ba, ko taɓa ni ba su yi ba. Washegari aka kira ni. Likita Bature ya ɗaga wani baƙin faifai ya kara a taga, malamin asibiti yana tsaye zai yi mana tafinta.

Ƙoƙon kan mutum na gani. Ba fata, ba nama, ba ido, sai ramuka. Haƙora a jere suna dariya. Na ce a raina gawar wani bawan Allah ce suka tono. Sai idona ya kai kan haƙoran sama, na ga giɓi a gefen hagu, daidai inda jakin kawuna ya harbe ni ina yaro. Na kai harshe na taɓa giɓina. Na sake duba faifan.

Na zauna daɓas a ƙasa.

Na ce, "Malam, wannan ni ne?"

Ya ce, "Kai ne mana."

"Malam, wannan ai sai a kabari. Ta ina ya shiga ya gani, ina tsaye da raina?"

Ya ce in tashi, hoton ƙashi ne kawai, kowa haka yake a ciki, har shi Baturen. Wannan bai kwantar mini da hankali ba. Likita ya ɗauko wani faifan na mai lafiya ya kara kusa da nawa. Malamin ya nuna mini da alƙalami. Ya ce wuyan ɗan Adam a lanƙwashe yake kamar lauje, doronsa na kallon maƙogwaro. Nawa ya juya, doron ƙeya yake kallo. Ƙasusuwan sun matse jijiyar da ke tafiya hannu, shi ya sa hannun ke mutuwa.

Na ce, "To a juya shi."

Ya gaya wa Bature. Bature ya ɗaga kafaɗa. Aka ba ni fararen ƙwayoyi a takarda, aka ce kada in ƙara ɗaukar kaya a kai. Na ce hannun fa? Malamin ya ce sai abin da Allah ya yi. Na tabbata wannan daga bakinsa ne, Baturen bai faɗa ba.

A hanyar dawowa na zagi baho, na zagi mai baho, na zagi wanda ya ƙera baho. Abokina ya bar ni har na gaji, sannan ya ce akwai wani tsoho maɗori a bayan duwatsun Safana, gadon gidansu ne, amma fa Bamaguje ne. Na ce hannu nake nema, ba limamin da zan bi ba.

Muka je a kan jaki. Muka iske ɗan tsoho siriri a gindin tsamiya yana feƙe ƙotar gatari. Muka durƙusa muka gaisa, gida, iyali, zafi, gajiyar hanya. Na fara zuba masa labarin asibiti da faifai. Bai ko ɗago ba. Ya nuna wani damin gero da wuƙarsa.

Ya ce, "Ɗauko mani wancan ka kawo nan."

Na ce, "Baba, likita ya hana ni kaya."

"Likita na nan? Ɗauko."

Na cire rawanin abokina na naɗa gammo, na tura shi ƙeya, na sunkuya, abokina ya aza mini. Taku uku na yi.

"Tsaya nan!" Tsohon ya ajiye wuƙa ya miƙe. Ya zagaya ni sau biyu. "Wa ya koya maka ɗaukar kaya haka?"

Na ce ba kowa.

"Mi ke ga maɗigarka? Ƙurji?"

"Babu."

"To don mi kake gudunta?"

Ya ture damin ƙasa, ya miƙa hannu ya fizge hulata kafin in kare. Ya lalubo da yatsa ya ji tudu. Ya dube ni. Ba yadda zan yi, na gaya masa duka, tun daga ranar da mahaifiyata ta danƙa mini har tukunyar fitsari. Abokina ya riƙe baki.

Tsohon ya koma ya zauna a hankali. Ya ce, "Shekara nawa?"

"Tara."

"Tara!" Ya girgiza kai. "Yaro, na ɗora wanda raƙumi ya taka. Na ɗora wanda ya faɗo daga kan kuka garin ɗebo zuma. Ban taɓa ganin wanda ya karya kansa da ladabi ba sai yau."

Na ce, "Baba, ai bahon ne. Ba ka ga nauyinsa ba."

"Bahon mi? Matan garin ga tun suna 'yan mata suke ɗauko tulu daga rafi, har su tsufa wuyansu tsaye kamar taɓarya. Kaya tsakiyar kai suke zama, nauyi ya bi ƙashi ya sauka ƙasa. Kai ka aza su gefe ka ce wa wuya ya riƙe. Ya riƙe kuwa, har ya lanƙwashe. Ban ce layarka ta yi laifi ba, ni ba malami ba ne. Kai ka yi."

Faifan asibiti ya girgiza ni, amma bai kai wannan ba. Shekara tara. Da hannuna nake tura gammon nan baya kullum, ina jin na fi kowa wayo.

Ya shimfiɗa buzu ya ce in kwanta rigingine. Ya shafa mini man kaɗanya mai ɗumi tun daga ƙeya har kafaɗa, ya yi ta murzawa da manyan yatsunsa har hawaye suka zubo mini. Ya sa abokina ya danne mini ƙafafu. Ya zura rawanin ƙarƙashin ƙeyata, ya zauna ta wajen kaina, ya kafa ƙafafunsa a kafaɗuna, ya riƙa ja a hankali kamar mai jan guga cike da ruwa. Na ji wuyana yana tsawo. Ya daɗe haka. Sannan ya saki rawani ya tallafi kaina da hannu biyu, yana juya shi kaɗan kaɗan, yana tambayata wai gero na fi shukawa ko dawa. Na buɗe baki zan ce gero.

Ƙaras!

A cikin kunnena na ji shi, kamar an karya busasshen kara. Na ga wuta. Na ce shi ke nan, na yi kalmar shahada da ƙarfi har sau biyu. Abokina ya saki ƙafafuna ya yi tsalle ya koma gefe yana ihu, "Ya kashe shi! Wayyo, ya kashe shi! Me zan gaya wa uwarsa?"

Tsohon ya ce, "Gawa ce ke salati haka? Kai, motsa yatsun ƙafarka."

Na motsa. Suka motsa.

"Na hannu."

Na motsa. Sai na ji wani abu yana bin hannun daga gwiwa zuwa yatsu, kamar tururuwa sun taso daga rami. Zafi, ƙaiƙayi, tsami, duka a haɗe. Wurin da matata ta soka allura, wanda ya kwana goma sha wani abu bai ce komai ba, ya fara zugi. Ban taɓa murnar ciwo ba sai ran nan.

Na ce na warke. Ya ce ban warke ba, ƙofa kawai ya buɗe. Ya ce in je gida in naɗe taɓarya da zane, in kwanta in sa ta ƙarƙashin wuya, kai ya rataya baya ina kallon sama, safe da yamma. In riƙa dawowa duk mako. In kuma ya ji na aza ko ƙwarya a kai, kada in sake zuwa ƙofarsa. Ya miƙo mini hulata ya ce, "Wagga kuma ka kai wa wadda ta ba ka."

Na iske mahaifiyata tana kaɗi a ƙofar ɗakinta. Na durƙusa na ajiye hular a gabanta, na juyo cikin hular waje.

Ta ce, "Mene ne wannan?"

"Layar da kika ba ni ce, Inna. Ta kaya."

Ta ajiye mazari. Ta dubi layar, ta dube ni. "A nan take? Tun yaushe?"

"Tun ranar."

Na gaya mata yadda nake tura gammo. Ina magana fuskarta na canjawa. Da na gama ta dafe ƙirji da hannu biyu.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ɗan nan, wa ya ce ka sa ta a kai? Kambu ce! A damtse ake ɗaura ta, damtsen dama! Malam ya ce a kai wa baduku ya sa mata igiya, ban samu zarafi ba aka ce kun tashi. Shi zan gaya maka wancan mutumin ya yi mini tsawa."

"To da na dawo, Inna, ba ki tambaya ba."

"Kai ka tambaya? Na ga ka dawo lafiya, na ce tana aiki. Ana ta yabonka da kunya, ni har alfahari nake yi." Ta dubi wuyana. "Ashe ni na lanƙwasa ka."

Na ce ba ita ba ce. Ta ce ita ce. Muka zauna muna jayayya a kan wanda ya fi laifi, tana kuka, har matata ta fito ta ce in mun gama a ba ta hanya ta wuce da ruwa. Ran nan da kanta tsohuwa ta farke hular, ta tafi wurin baduku. Kafin la'asar ta dawo ta ɗaura mini a damtsen dama, hannun da ya kusa mutuwa, ta ja igiyar da haƙori.

Mako bakwai ina kwanciya kan taɓarya ina kallon shirwa. Maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna cewa Allah ya sawwaƙe. Sau shida na koma wurin tsohon, duk zuwa sai na yi shahada kafin ya taɓa ni, shi kuma ya ce in gama ya jira. Ruwa ya sauka ina da sauran tsami a yatsa ɗaya. Na ɗauki sungumi na fita. Na sara ramin farko ina kallon hannuna. Na sara na biyu. Na kai ƙarshen kunya na juyo, sungumi na nan a hannuna, mahaifiyata na biye tana zuba iri tana takewa. Gonar ba ta tafi aro ba.

Wuyan bai koma daidai ba, kada in yi muku ƙarya. Har yau in hadari ya haɗu ni nake fara sani. Amma ina ɗaga kai. Ranar da na fara kallon surukina ido da ido ya ce wa mutane tun da na je wurin Bamaguje na lalace.

Abin da ke ba ni tsoro har yanzu ba ƙarar wuyan ba ce, ba kuma ƙoƙon kaina da na gani a taga ba. Tsohuwar nan gida ɗaya muke. Kullum na dawo daga rangadi sai na durƙusa gabanta mun yi doguwar gaisuwa, hular na kaina. Shekara tara, tambaya ɗaya ce ban yi ba: Inna, a ina ake sa ta?

Ta rasu yanzu, Allah ya jiƙanta. Kambun na damtsena. Taɓaryar na bayan ƙofa, ba a daka da ita. In kuma na je kasuwar Batsari na hangi ɗan dako yana tafe da kaya a ƙeya yana kallon ƙasa, ba na gaishe shi. Tare shi nake yi in ce ya sauke, ya ba ni hularsa in gani.